Bindiga Mai Sunan Twila

An ba ƙanwata Twila bindigar da ba ita ta zaɓa ba, a gaban jama'a, ta ji kunyar ta ce ba ta so. Abin da ya faru ke nan. Sauran abin da za ku ji a gari duk surutu ne.

Ni ne Doyle, yayanta. Rijiyar burtsatse nake haƙawa a wannan yanki namu na Arkansas tun kafin in fara aske gemu. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na san ƙarfe, na kuma san abin da yake yi wa naman mutum.

Sai kun san hannun Twila kafin ku gane maganata. Tun muna yara babarmu ta kafa doka a gida: Twila ba ta faskare, ba ta feɗe kifi, ba ta taɓa wuƙar nama. Allah ya ba ta dogayen yatsu, in ta buɗe tafinta a kan fiyano sai ka ce hannun mutum biyu ne. Wata tsohuwa a cocinmu ta gani, ta ce a bar yarinyar nan ta koyi kiɗa. Daga ranar duk aikinta ya dawo kaina. Na yi ƙorafi, na sha duka, na haƙura. Ita ta riƙa kaɗa wa coci fiyano tun tana budurwa har furfura ta fito mata. Ita ta kaɗa a bikina, ita ta kaɗa ranar da muka binne babarmu. Ranar jana'izar mijinta Merle ma ita ta zauna ta kaɗa, ta ce ba za ta bari wani ya ɓata masa waƙarsa ba.

Bayan rasuwar Merle ta ci gaba da zama ita kaɗai a gidansu, can ƙarshen hanyar tsakuwa, inda ko ka yi ihu shanu ne kawai za su ɗago kai. Wata Laraba da rana tsaka ta dawo daga gwajin waƙa ta tarar an ɓalle ƙofar baya. An kwashe kayan aikin Merle da bindigoginsa na farauta. Ba wannan ya fi tayar mata da hankali ba. Ɓarawon ya buɗe firij, ya yanki kek ɗinta, ya zauna a kujerar Merle ya ci, ya bar farantin a kan tebur da cokali a ciki. Kafin ɗan sanda ya iso har ta gama wanke farantin ta sake wanke shi.

Matata ta sa ta dawo ɗakin baƙinmu. Kullum da safe ta je ta ba kajinta abinci ta dawo, kamar 'yar aiki a gidan kanta. Ba ta jin daɗin haka, ni ma na sani.

Wata safiya muna shan kofi ta ce, "Yaya, bindiga nake so. Ƙarama, wadda zan iya riƙewa. Gidana zan koma."

Na ce ta sami kare. Ta ce kare kajinta zai cinye. Na ce to doguwar bindiga, irin ta harbin tsuntsu, a jingine bayan ƙofa. Ta tambaye ni ko a aljihun wace riga za ta sa doguwar bindiga in za ta fita akurki. Ranar Alhamis na sa ta a mota muka tafi shagon da ke babban garin ƙaramar hukumarmu, wanda yake da ɗakin koyon harbi a baya, inda ake ba mutum haya ya gwada kafin ya saya.

Mutumin da ke bayan kanta ko tambayarta bai yi ba. Yana ganin mace ya miƙa hannu ya ɗauko wata 'yar mitsitsiyar libarba mai mariƙi ruwan hoda, ya ce ga abin da mata suke so, ba nauyi, tana shiga jaka.

Twila ta dube ta, ta dube shi. "Bawan Allah, janbaki na ce maka zan saya?"

Wata mata ta yi dariya daga ƙofar baya. Ita ce Dorinda, mai koyar da harbi, tsohuwar soja, gajera, fuskarta kamar ba a taɓa ba ta labari mai daɗi ba. Ta ce a kawo 'yar ruwan hodar, a haɗo da wasu, duk za a gwada. Da na biyo su ta nuna mini benci ta ce, "Babban yaya, can za ka zauna. In ina son shawararka zan aiko." Na zauna. Ba kasafai nake zama in an ce in zauna ba, amma matar ta san aikinta.

Da 'yar libarbar aka fara. Ga wanda bai sani ba, libarba tana da ganga mai juyawa inda ake zuba harsasai, sai bututu a gaba. Tsakanin gangar da bututun akwai 'yar tsaga, ba ta fi kaurin reza ba. Dorinda ta liƙa guntun kwali a gefen tsagar, ta harba sau ɗaya, ta ciro kwalin ta miƙa wa Twila. Ya yage, ya yi baƙi. Ta ce duk harbi wuta tana fita ta nan gefe, don haka mai riƙe libarba yana naɗe manyan yatsunsa a baya, ba ya miƙa su gaba. Ta ce a ƙarama ƙuna ce, a babba kuwa yanka ne. Ni na san wannan tun ina yaro, babanmu da ƙafar kaza ya nuna mini. Twila ta naɗe yatsunta ta harba. Abar ta yi shuri a tafinta har ta yarfe hannu. Ta ce wannan ba bindiga ba ce, kunama ce, a ɗauke ta. Dorinda ta ce haka ne, ƙarama marar nauyi ta fi kowace cizo, maza ne kawai ba sa son ji. Daga nan ba a sake maganar libarba ba. Sau ɗaya aka faɗi zancen tsagar nan, a ranar farko. Ku riƙe wannan.

Aka koma kan fistol, mai gidan harsashi a cikin mariƙi. Ta gwada wannan ta ajiye, ta gwada waccan ta ajiye, har ta zo kan wata baƙa, matsakaiciya, mummuna kamar bulo. Tana riƙewa na ga kafaɗunta sun sauka. Fistol ba ta da tsaga a gefe, riƙonta daban ne. Hannun dama a mariƙi, na hagu ya rufe shi, manyan yatsu biyu a kwance a gefen bindigar, na hagu a miƙe gaba yana nuna abin da za a harba. Dorinda ta kama babban yatsan Twila ta shimfiɗa shi, ta ce ita duk tsawon aikinta ba ta taɓa ganin yatsan da ya kai can ba. Twila ta ce na fiyano ne.

Ba ta saya ranar ba. Halinta ke nan, ba ta kaɗa waƙa a coci sai hannunta ya haddace ta ido a rufe. Duk Alhamis nake kai ta, tun ganye yana tohowa har zafi ya kankama. Har a gidanmu za ka gan ta ta ɗauki na'urar busar da gashi ta matata tana gwada riƙo a gaban madubi, yatsa a miƙe. Ta kai inda take tara harbinta wuri ɗaya, tafin hannu ya rufe ramukan. Dorinda ta ce in ta shirya, baƙar tana nan an ware mata. Twila ta ce ranar Litinin za ta zo ta ɗauka, ta wuce gidanta kai tsaye.

To, akwai Garland Suggs.

Garland shi ke kiran farashi a kasuwar gwanjon shanu, bakinsa kamar injin ɗinki. Matarsa ta rasu da daɗewa. Tun Merle bai yi shekara a ƙasa ba ya fara zuwa yanke wa Twila ciyawar tsakar gida, yana kawo tumatir, yana zama a layin gaba a coci, kusa da fiyano, alhali da a baya yake gyangyaɗi. Ni tuni ya fara ce mini suruki. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa. Mutum ne da ba ya iya ganin an yi abu ba da shi ba. Twila kuma tana ɗan sonsa, in ya yi shirme takan rufe baki ta yi dariya, abin da ban gani ba tun rasuwar Merle.

Ya tare ni a gidan mai ranar da ya ji labari.

"Suruki, ina raye a garin nan ka ɗauki Twila ka kai wa mace ta koya mata harbi?"

"Macen ta fi ka saiti," na ce. "Kai ko shanun da kake sayarwa ba ka iya samu daga nan zuwa can."

Ya yi dariya, amma abin ya cije shi. Ya hau yi mini wa'azi. Wai fistol roba ce, tana sarƙewa ranar da ake bukatarta. Wai libarba ba ta cin amana, da ita kakansa ya tsare gona, da ita ubansa ya tsare. Wai ɓarawo in ya ga babban baki mai ƙyalli ya kalle shi, ba sai an harba ba. Na ce masa ta riga ta zaɓa, hannunta ne ba nasa ba. Ya ce to, to, ya ja hularsa ya shiga mota. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Lahadi, ana gobe Litinin ɗin nan, Garland ya gayyaci rabin coci gonarsa cin soyayyiyar tarwaɗa. Ni ne mai suya a duk irin wannan taro, ba wanda ake bar wa tukunyar mai sai ni. Yadda muka saba, a ci a ƙoshi, a sha shayi mai ƙanƙara, sannan masu so su zagaya bayan rumbu su harbi gwangwanaye a gaban tudun ƙasa. Amma ranar, ina cikin juya kifi a garin masara, Garland ya buga cokali a kofi ya ce kowa ya matso.

Ya fito da akwatin katako ya ajiye gaban Twila. Ta buɗe. A kan jan karammiski ga libarba kwance, tsawonta ya kai daga gwiwar hannunta zuwa yatsu, tana ƙyalli kamar madubi. Irin wadda ake kashe aladen daji da ita ce, harsashinta ya kai kaurin yatsana. A jikin bututun an sassaƙa TWILA, da 'yar fure a gefe. Mata suka hau tafi. Matar fasto har da share hawaye.

A wurinmu in namiji ya ba mace bindiga da sunanta a jiki, ya gama magana, zobe ne kawai ya rage. Kuma wadda aka sassaƙa wa suna ba ta komawa shago. Sannan harbin farko na mai ita ne, a nan take, a gaban wanda ya bayar. Ƙin yin haka kamar ka mayar wa mutum da abincinsa ne a gaban baƙi. Kowa a wurin ya san wannan, Twila ma ta sani.

Ta ɗago ta dube ni. Na goge hannu na zo na ce wannan ta fi ƙarfinta, ni kaina sai na dafe da kyau kafin in harba ta. Na faɗa da ƙarfi, kowa ya ji.

"Kishi ne, jama'a," in ji Garland. "Shi ba a taɓa ba shi ko wuƙar yanke farce ba."

Aka yi dariya. Twila ta ja ni gefe ta kama hannun rigata.

"Yaya, bari. Kar ka kunyata shi a gidansa. Sau ɗaya ne, in harba a wuce wurin. Gobe zan je in ɗauko tawa, wannan kuma a rataye ta a bango."

Na ce to, amma bayan an ci abinci, kuma ni zan tsaya kusa da ita in gyara mata riƙo. Ta ce ta ji. Na faɗa wa Garland haka a fuskarsa, ya ce ba komai, suruki, je ka ga kifinka. A lokacin matata ta kira ni, mai ya fara hayaƙi. Na koma kan tukunya.

Garland bai iya jira ba. Ina zuba kifi zubi na biyu na ɗaga kai, sai na ga babu kowa a teburin. Duk sun zagaya gefen rumbu. Daga inda nake ina hango su sarai, nisan bai wuce jifa biyu ba. An jera gwangwanaye. Kowa ya sa abin toshe kunne, don wannan bindiga in ta yi magana har haƙori sai ya amsa. Twila tana tsaye yadda Dorinda ta koya mata, ƙafa a ware, kafaɗa a gaba. Ta ɗaga abar da hannu biyu. Na ga hannun hagu ya rufe na dama, na ga dogon yatsan nan ya miƙe gaba shi kaɗai, kamar yadda ya saba duk Alhamis, ya kwanta a gefen ganga, kansa daidai kan tsagar.

Garland yana bayanta, kusa da kafaɗarta. Wayarsa ya ɗaga yana ɗaukar hoto.

Na kira sunanta. Na saki kwandon kifi a cikin mai, na ruga ina ihu, yatsa, yatsa, Twila, naɗe yatsanki. Muryata ba ƙarama ba ce, a kan ƙarar injin haƙa nake magana kullum. Ba wanda ya ji. Kunnuwa duk a toshe. Fasto ne kawai ya waiwayo ya gan ni a guje, ya ɗaga mini hannu yana murmushi, wai in yi sauri kar a yi babu ni.

Ta ja kunamar bindigar.

Gwangwanin ya tashi sama. Ta same shi, harbin farko, da bindigar da ba ta taɓa riƙewa ba. Mutane suka fara tafi.

Twila ba ta yi ihu ba. Ta sauke bindigar a hankali, bakinta yana kallon tudu, ta cire yatsa daga kunama, ta ajiye ta a kan tebur, duk yadda aka koya mata. Sannan ta ɗaga hannun hagu ta duba. Daga gaɓa zuwa sama babu komai. Abin da ya rage ya dare biyu, ya yi baƙi kamar kwalin Dorinda, ƙashi fari a tsakiya. Jinin ma bai fito nan da nan ba, sai da ya ɗan jira. Na iso ina haki na fizge abin kunnenta. Ta dube ni da fuskar da na sani tun tana 'yar shekara biyar.

"Yaya, ina yatsana?"

Tafin ya mutu ɗaya bayan ɗaya. Na ciro ƙyallen da na ɗaura don suya na naɗe hannun na matse. Wasu suka durƙusa suna laluben ciyawa, manya da furfura, suna buɗa ganye da hannu. Ba su sami komai ba. Daga baya matar fasto ta ga guntun farce manne a gaban rigarta, ta zauna a ƙasa ta yi amai. Garland yana nan tsaye, wayar tana sama har lokacin, bakinsa a buɗe. Karo na farko ke nan da na ga mutumin nan ba magana a bakinsa.

Na sa ta a motata. Hanyar asibiti da nisa, na taka mai yadda ban taɓa takawa ba. Ta jingina kai a gilashi, hannun a ɗage, jini yana bin gwiwar hannunta yana ɗiga a kan rigar cocinta. Muna hawa kwalta ta tambaye ni wa zai kaɗa a sujadar yamma. Na ce ta yi shiru. Ta ce ba wanda ya san waƙar rufewa sai ita. Na ce Twila, don Allah ki yi shiru. Can kuma ta ce in kira matata a kashe wutar tukunya.

Likitan ya ce babu abin da za a ɗinka, ko da an samo. Wuta ce da iska mai ƙarfi suka yi aikin, ba wuƙa ba, naman da ya rage ma ya dahu. Sai da suka ƙara yankewa har gindi. Ya ce ba wannan ne na farko da ya gani ba, kusan kullum mutumin da ya saba da fistol ne aka miƙa masa babbar libarba. Na tambaye shi da yatsan gajere ne fa. Ya ce da wataƙila ƙuna ce kawai.

Garland ya zo washegari da furanni, hula a hannu. A bakin ƙofar ɗakin na tare shi. Ya ce zai ɗauki nauyin komai. Ya ce bai yi barci ba. Da ya tsaya nan da na bar shi ya shiga. Sai ya ƙara da cewa shi dai ya duba bindigar, lafiyarta ƙalau, riƙon ne ba daidai ba, matar nan ta shago ce ta koya mata riƙon banza.

Na tambaye shi ko ya san da tsagar. Ya ce wa bai sani ba, shi da ya girma da libarba. Na ce to ina idonka yake. Na shaƙe wuyan rigarsa na haɗa shi da bango, furannin suka zube. Twila ta yi magana daga kan gado, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Yaya, sake shi. Garland, je ka gida. Kar ka sake yanke mini ciyawa."

Iyakar abin da ta faɗa masa ke nan, har yau. Shi kuwa yana nan a kasuwar shanu yana gaya wa duk mai saurare cewa bindigar ba ta da laifi. Ya koma wani coci.

Ni na je na gaya wa Dorinda. Ta saurara har na gama, ta zauna a kan bencin da ta taɓa zaunar da ni. Ta ce ta faɗa mata zancen tsagar. Na ce na sani, ina wurin. Ta ce kunne ya ji sau ɗaya, hannu kuwa ya yi ɗaya riƙon sau dubu, kuma ba ta taɓa samun ɗalibar da hannunta yake kama abu kamar na Twila ba. Ta ɗauko baƙar fistol ɗin daga inda ta ware ta, ta ce tana nan, ko shekara nawa za a yi.

Libarbar kuwa fasto ya kawo mana ita a akwatinta, don Garland ya ce ta Twila ce, sunanta ne a jiki. Twila ta ce in yi yadda na ga dama da ita, kar dai ta sake gani, kar kuma ta shiga hannun wani. A satin ina da wata rijiya da na haƙa ba ta ba da ruwa ba, za a toshe ta. Na cire gangar, na jefa ta da bindigar a ciki daban daban, na bi da siminti.

Da ciwon ya warke ta sa na mayar da ita wurin Dorinda. Na zaci ba za ta sake son jin ƙarar harbi ba. Ta ce ɓarawon da ya ci mata kek bai san ta rasa yatsa ba. Dorinda ta gyara mata riƙo, saitinta ya dawo kusan yadda yake. Ta ɗauki baƙar, ta kwashe kayanta daga ɗakin baƙinmu, ta koma gidanta ƙarshen hanyar tsakuwa. Tana can ita da kajinta. Ta ce tana barci lafiya, na kuma yarda.

Fiyano sau ɗaya ta gwada, bayan ganye ya zube. Duk lokacin nan da waya ake sa mana kiɗa a coci, ta lasifika, muna bi kamar masu bin motar da ba ta tsayawa. Ranar ta tashi da kanta ta je ta buɗe murfin. Ta fara waƙar da ta kaɗa wa Merle. Hannun dama yana nan yadda yake. Na hagu yana tafiya, yana tafiya, in ya zo wurin da babban yatsa zai sauka sai a ji rami. Ta yi ƙoƙarin cike shi da manuni, bai kai ba. Ni ban san kiɗa ba, amma na ji ramin, kowa ya ji. Mutane suka ɗaga murya don su rufe mata. Wannan ne ya fi ƙona mata rai, ta gaya mini daga baya. Ta kai ƙarshen baiti na farko, ta tsaya, ta rufe murfin a hankali, ta dawo ta zauna kusa da ni. Fasto ya laluba aljihu ya ciro wayar.

Yanzu a layin baya take zama, gefena. Ba ta rera waƙa. In an fara, hannunta na hagu yana motsi a kan gwiwarta, yatsu huɗu suna bin kiɗan, in sun zo wurin sai su tsaya su jira na biyar.